Gwiwar Takwas

Ofishinsa yana ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, ɗaki ne mai taga ɗaya, inda in aka ci ƙwallo ƙura ke zubo masa a ka saboda tsallen mutane. Shi ne mai ɗauko 'yan wasa da sayar da su a ƙaramin kulob ɗin. A bayan idonsa Dillali ake ce masa. A gabansa kuwa kowa Kawu yake kiransa, har kocin da ya girme shi.

Shi ma ya taɓa buga ƙwallo, ɗan baya ne da ba a tuna shi da komai sai sharar ƙafafun mutane. Allah bai ba shi ƙafa ba, ido ya ba shi. Zai tsaya a bakin filin unguwa, hannu a baya, ya nuna wani siriri da ba wanda ya kula da shi, kafin ka ankara manyan kulob suna rububinsa. Aikin ke nan: ya tsinto, ya raina, ya sa yaro ya rattaba hannu a kwantiragi, ya sayar. Da abin da aka samu ake biyan albashi, a lallaɓa motar kulob, a sake fita tsintuwa. Ya sha ganin yaran da ya raina a talabijin cikin rigunan wasu, kuma ko da kuskure babu wanda ya taɓa ambatarsa. Abin yana ci masa rai, bai dai faɗa wa kowa ba.

Ƙaramin kulob ba ya iya cewa a'a. Da tayi ya shiga kunnen Ciyaman, mai kulob ɗin, yawunsa ya tsinke, yaron ma hankalinsa ya bar filin. Don haka in ana son riƙe ɗan wasa, tayin ake hanawa zuwa. Kawu ya gaji dabarar wurin wanda ya riga shi zama a kujerar. Ranar da aka ji masu farautar 'yan wasa za su zo kallo, sai a naɗa wa yaron bandeji a gwiwa, a fitar da shi kafin a tashi, ya ɗan ɗingisa a hanyar benci. Kawu kuma ya kai wa baƙin shayi, ya rage murya, ya ce yaron gwani ne, sai dai gwiwar. Mai saye ba abin da yake tsoro kamar gwiwa. Kakar wasa ɗaya ake yi a kwance bandejin, kowa ya manta.

Sai ga Takwas. Ɗan yayarsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, lambar rigarsa ce ta zame masa suna. Yayar da kanta ta kawo shi ofishin, ta ce ga shi nan, ɗansa ne, ya yi masa hanya. Ɗan tsakiya ne mai sanyin kai, ba ya gudun banza, ƙwallo ce ke nemansa. Kawu bai taɓa tsintar kamarsa ba, ga shi a cikin gida.

A kakarsa ta biyu kulob ya doshi faɗuwa ƙaramin rukuni, masu saye kuma suka fara shawagi. Kawu da hannunsa ya naɗa masa bandejin.

"Kaka ɗaya kawai, ɗana," in ji shi. "Mu tsira, ni da kaina zan kai ka inda ya fi nan."

Suka tsira. Kaka ta gaba kuma aka hango hawa babban rukuni, Kawu ya ce in an hau farashinsa zai ninka, a ƙara haƙuri. Ba a hau ba. Wadda ta biyo baya aka sake dosar faɗuwa. Kullum da dalili, kuma kowane dalili gaskiya ne. Amma akwai wanda Kawu bai taɓa furtawa ba: yana jin daɗin zama a bakin fili ya kalli nasa, wanda ba wanda ya zo ya ɗauke. Takwas kuwa ba ya musu da ƙanin uwarsa. Har ya iya naɗa bandejin da kansa, ya iya ɗingishin fiye da masu ciwon gaske. 'Yan kallo suna yi wa gwiwar addu'a, mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ba ta gaishe shi sai ta ce ya ƙafa.

Takwas ya yi aure, aka haifa masa ɗa, albashi kuwa yau a biya gobe a ce sai an sayar da wani. Yaran da ya koya wa tsayar da ƙwallo suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Rannan yayar ta shigo ofishin, ta ƙi zama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita dai hanya ta ce a yi masa, ba ta ce a ajiye shi kamar kayan ado ba, kuma shekarun ɗan ƙwallo ba sa jira. Kawu bai ci abinci ba ranar.

Ya kai Takwas asibiti aka ɗauki hoton gwiwar, lafiya lau. Ya ɗauki hoton ya tafi wurin Mai Tabarau, babban mai farautar 'yan wasa na wani kulob da ke neman ɗan tsakiya ido rufe, mutumin da ya fi kowa shan shayin Kawu. Ya zayyana masa komai, bai rage ba. Mai Tabarau ya yi dariya har da share ido.

"Kawu ke nan. Da ba ka son sayarwa, ka ce min gurgu ne. Yau kana son sayarwa, ya warke. Wanne zan ɗauka?"

"Ga hoton likita."

"Ni ma na san inda ake yin hoto. Ko na yarda da kai, shugabannina shekara da shekaru suna ganinsa da bandeji. Ranar da ya faɗi a fili, ni za a kora."

Daga nan Mai Tabarau ya tambaye shi labarin wani sabon yaro mai buga gefe. Kawu ya bi sauran kulob, waya bayan waya, har waɗanda da can ba ya amsa musu gaisuwa. Duk inda ya ambaci Takwas sai a ce, au, mai gwiwar nan? Ƙaryar da ya raɗa a kunne ta riga shi isa ko'ina, gaskiyar da yake rantsuwa a kanta kuwa an ɗauke ta bakin dillali. Haka aka rufe kasuwar 'yan wasa.

Ranar wasan farko na sabuwar kaka Kawu ya shiga ɗakin canza kaya. Sauran sun fita ɗumama jiki. Takwas na zaune shi kaɗai, ƙafa a kan benci, yana naɗa bandeji.

"Cire shi," in ji Kawu. "Ba sauran amfaninsa."

Takwas bai ɗago ba.

"Bar shi, Kawu. Yanzu kowa ya san gwiwa ce ta zaunar da ni. In na cire, za a tambayi Inna abin da ya hana ni tafiya, amsar kuwa kai ne, ita kuma ƙaninta ɗaya ne a duniya."

Ya zagayo da bandejin, ya miƙo masa bakinsa.

"Riƙe min nan."

Kawu ya durƙusa ya riƙe.