Ƙasan Kwando

Bazara ta kusa, tumatir yana ƙarewa. A waccan shekarar ruwan kanal na noman rani bai yanke mana ko sau ɗaya ba, daga bakin Kura har gonakinmu ko'ina kore shar, yarana kuma duk suna gabana, ba wanda ya tafi birni tukuna. Har yau idan na ji ƙanshin ganyen tumatir a hannu, can nake komawa.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a cocinmu, ranar Laraba da yamma. A nan na gane kunyar gona da kunyar ido rubutunsu ɗaya ne. Muka yi ta dariya. Malamarmu ta ce mu bar dariya, duka biyun suna tare ruwa kada ya bi inda bai kamata ba.

Rannan maigida ya tafi Garun Mallam, ni na haɗa kwanduna. Zafi ya sa wasu sun yi laushi. Na zuba su a ƙasa, na jera masu ƙwari a sama. Kowa haka yake yi, na faɗa wa kaina. Ban yi addu'a a kai ba, don na san amsar.

Da la'asar Alhajin da ke sayen tumatirinmu ya zo duba kaya, mota kuma sai washegari. Yana bin layi, yana cusa hannu har gwiwa a kowane kwando. Da ya iso nawa sai ya wuce. Maƙwabciyata a gona, mai bakin tsokana, ta ce, “Alhaji, nata fa? Ko hannun ya gaji ne?”

Ya ce, “Na Maman yara ba a dubawa. 'Yan cocin nan, ƙasan kwandonsu kamar samansa ne.”

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar yabo ce. Ban ji tsoron wuta ba, ban ji tsoron kamu ba, don ba mai kama ni. Abin da na ji irin na yarinya ne da mahaifinta ya yabe ta a gaban baƙi, alhali shi da ita sun san abin da ta ɓoye. An ambaci sunan gidan Ubangiji a kan kwandona, ni kuwa na san abin da ke ƙasa.

Washegari, kafin motar ta iso, na shimfiɗa buhu a gindin mangwaro na juye kwandunan ɗaya bayan ɗaya. Bakwai suka koma biyar. Maƙwabciyata ta tsaya tana kallona, can ta tsuguna ta taya ni tsincewa. Masu laushin na yanka, na baza su a rana.