Malam Maigandi Abdulganiyu, Mai Duban Wata na Magarya

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Maigandi a garin Magarya ta ƙasar Wurno a shekarar 1954. Sunan mahaifinsa Malam Abdulganiyu, manomin gero da albasa, mahaifiyarsa kuwa Baraka, mutuniyar Rabah. Ya yi karatun allo a zauren kawunsa Malam Yusha'u, ya shiga firamare a Wurno a 1962, aka fitar da shi daga aji huɗu domin noma. Wurin wannan kawu ya koyi duban jinjirin wata, da sharaɗinsa: mai duba ba ya faɗin abin da idonsa bai tabbatar ba.

Aiki da aure

Ya auri Kulu 'yar Musaddiq a 1977. Ya yi leburanci shekara uku lokacin ginin madatsar ruwa ta Goronyo, sannan ya komo gona. Tun daga 1979 uban ƙasa yake aika shaidarsa ta ganin wata zuwa Sakkwato, kuma shekara arba'in ba a taɓa mayar da ita ba.

Binciken soja

Da magaribar 29 ga Sha'aban 1440, watau Mayun 2019, yana kan tudun da ya saba hawa, sai ya ga wani abu mai haske, zagayayye kamar faifai, ya tsaya cik a sama ba ƙara, sannan ya yi gabas ya ɓace. An gan shi a ƙauyukan Rabah da Goronyo ma. Da yake wata biyu kafin nan 'yan bindiga sun kashe mutum shida a gonakin garin, aka ɗauka jirginsu ne maras matuƙi.

Bayan kwana huɗu ayarin soja ya iso ƙarƙashin wani manjo, ya zauna kwana tara yana ɗaukar bayani. Mutum goma sha ɗaya suka ce abin ya sauka a rugar Ardo Yari, mai gida ashirin a bakin daji. Manjon ya ce ba zai tura dakaru can ba sai mai duban wata ya tabbatar. Dattawan gari suka matsa wa Malam Maigandi, har da surukinsa, wanda aka kashe wa ɗa a wancan harin.

Aka shimfiɗa masa hotunan jirage da taurari, ya ce ba ko ɗaya daga ciki. Aka tambaye shi inda abin ya sauka, ya ce: "Ranka shi daɗe, na ga tsayuwatai, na ga tafiyatai. Sabkatai ko ban gani ba. A kan mi za ni rantsuwa?" Sau uku ana kiransa, bai ƙara kalma ba. Ayarin ya rubuta cewa ba a gane abin ba, ya tafi, ba a taɓa rugar ba.

Shekarun ƙarshe

Daga nan dattawa suka daina kai shaidarsa gaba, aka ce idonsa ya lalace. A kasuwar Goronyo masu albasa kan ce masa: "Baba, yau mi kag gani, wata ko faifan Kulu?" Surukinsa bai sake shiga gidansa ba. Bai bar hawa tudun ba, amma ya bar faɗa wa kowa. Iyalinsa sun ce sau biyu ya tashi da azumi kwana ɗaya kafin gari, shi kaɗai. Ya kuma hana 'ya'yansa koyon duban wata.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata a watan Agustan 2024, bayan jinyar mako uku a Wurno, yana da shekara saba'in. Aka yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar yamma da gari. Sahun bai kai uku ba, kuma na ƙarshe mutanen rugar Ardo Yari ne, waɗanda suka tako da ƙafa. Ya bar matarsa Kulu, da 'ya'ya biyar: Habibullahi, Bilyaminu, Rahinatu, Fatsuma da Mashkura, da jikoki goma sha huɗu. Allah ya jiƙansa, ya karɓi shaidarsa.