Mamuda Maƙeri da Haƙorin Bube

Duk wanda ya tashi a Tafashiya zamanin Turawa ya san Mamuda maƙeri, in bai san shi wajen fartanya ba ya san shi wajen awartaki. Gajere ne kakkaura, ga saurin fushi ga saurin hucewa. Ƙira gadonsa ce, haka ma cire haƙori, don a lokacin in haƙori ya ruɓe maƙera ake kai shi, tunda can ake da ƙarfen da zai kama shi.

Ubansa Dawuda ya yi suna a wannan aiki, amma suna irin na kura. A ƙofar maƙera ake kwantar da mutum rigingine, ƙarti su danne hannuwa da ƙafafu, a cusa masa guntun itace a baki, Dawuda ya take kafaɗarsa ya ja. Wani leɓensa ya tsage, wani haƙorin ya karye a tono saiwar da tsinken ƙarfe, mutum na ihu yana fitsari a wando jama'a na dariya. Mamuda yana saurayi shi ke riƙe kai. Wata rana aka kawo wata tsohuwa daga Kunduru, tsoro ya sa ta fizge daidai lokacin da Dawuda ya ja, Mamuda ya ji muƙamuƙinta ya karye a cikin tafinsa. Dawuda ya ɗaga haƙorin ya ce ai dai ya fita. Tsohuwar ba ta ƙara tauna tuwo ba har ta koma ga Allah, shi kuwa Mamuda ya tsani dannewar nan tsana mai tsanani.

Da maƙera ta dawo hannunsa, matarsa Zinariya ce ta buɗe masa hanya. 'Yar wani mai magani ce daga Boko ta ƙasar Kusada, ta san zaƙami, ɗan itacen nan mai farin fure da ke fitowa a juji, wanda wasu ke kira haukata-yaro. Ta nuna masa yadda ɗan kaɗan daga ƙwayarsa, in an niƙa an dama cikin fura, ke sa jiki ya mutu zuciya ta kwanta. Daga nan aikin Mamuda ya sake. Sai ya zaunar da mai ciwo a inuwar tsamiya, ya ba shi furar, ya kama yi masa hirar damina da gyaɗa, har ya ga kafaɗu sun sauka harshe ya yi nauyi. Sannan ya danna kanumfari a dasashi, ya tallabi haɓa da hannun hagu, ya zare haƙori da na dama. Ya kan ce rabin ciwon haƙori tsoro ne, in ka kwantar da tsoron saura wasa ne.

Doka ɗaya gare shi. Kafin ya ba kowa furar sai ya ja shi bayan maƙera, inda ba kunnen kowa, ya tambaye shi ko ya sha wani magani a ranar. Zinariya ta sha gaya masa zaƙami a kan zaƙami ba barci yake kawowa ba, hauka ne tuburan.

Babban amininsa a duniya Bafillace ne, Bube, mai ruga a dajin da ke tsakaninsu da Kusada. Tun suna samari suke tare, wannan ya ƙera wa wancan wuƙa, wancan ya aiko wa wannan nono. Bube ya kira shi Kaɗo mai warin gawayi, shi ya kira Bube ɗan daji mai warin man shanu. Bube gwanin sharo ne a zamaninsa, bayansa da haƙarƙarinsa duk tabon bulala, an ce ana tsula masa yana duba madubi yana gyara kitso.

Shekarar da ake diban mutane zuwa haƙar kuza, masu diban suka rutsa Bube a kasuwar Kankiya. Ya ce shanunsa ba mai kiwo, ba su saurare shi ba. Ya yi gardama, suka taru suka kayar da shi, ɗaya ya durƙusa a ƙirjinsa, ɗaya ya dinga buga masa kulki a baki har suka ga jini na fita ta hanci. Suka ɗauka ba zai kai ba, suka bar shi nan kwance cikin kashin jakuna. Ya tashi, amma haƙorinsa na turmi na ƙasa ya tsage biyu, kuma tun daga ranar ko da wasa ba a dafa kafaɗarsa ta baya.

Haƙorin ya yi ta cin sa a ɓoye. Mamuda ya yi magana ya yi faɗa ya yi zagi, Bube ya ce ba komai. Gaskiyar kuwa ita ce mutumin da bulala ba ta sa ya ƙifta ido ba, yanzu ko tunanin ƙarfe a bakinsa ya yi sai gumi ya keto masa.

Ana cikin cirar gyaɗa, da hantsi, aka kawo shi bisa takarkari. Surukinsa Jaji ne ya jawo san, dattijo mai farin gemu, uban matarsa Hassana. Mamuda ya dubi amininsa gabansa ya faɗi. Kumatun ya cika ya rufe ido ɗaya, kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa ya kama wuya, numfashi na fita da ƙara. Ya taɓa ganin irin wannan, ya san in kumburi ya rufe maƙogwaro sai likkafani. Asibitin birni nesa ne, kuma ko a ƙofar gida yake Bube ba zai shiga hannun masu kaki ba. Ko dai haƙorin ya fita yau, ko Mamuda ya rasa Bube.

Mamuda ya ce, "Baffa, mi ya sa kuka bari har ya kai haka?"

Jaji ya ce, "Ɓoyewa yay yi. Hassana ta gani da sahe ta sheƙo ta hwaɗa mani."

Hankalin Mamuda ya tashi, sauri ya kama shi. Nan tsaye gaban Jaji, gaban maƙwabtan da suka taru, ya jefa tambayar da ya saba yi a asirce. "Bube, ka sha wani abu yau?"

Bube ya sunkuyar da kai gefe, ya ce da ƙyar, "Ban sha komi ba. Yi aikinka, Kaɗo."

Ƙarya ce. Da sassafe, da ya ji za a kawo shi, ya lalubo tsohon ƙahonsa na sharo ya tauna abin da ke ciki don ya samu ƙarfin zuciya, kuma maganin sharon nasu zaƙami ne uwarsa. Amma wane Bafillace ne zai buɗe baki gaban surukinsa ya ce tsoro ya sa shi shan magani? Gara a yanka shi. Mamuda ya san wannan sarai, ya zauna da mutanen nan tun ba shi da gemu, amma ranar nan kansa ya toshe. Ya ga leɓen Bube a bushe, ya ga ƙwayar idonsa ta buɗe baƙi wuluk, ya ce zazzaɓi ne. Zinariya ta miƙo furar. Bube ya karɓa ya zagaya bayan maƙera, don ba ya sha gaban suruki, ya shanye shi kaɗai a daidai wurin da ya kamata a tambaye shi, Mamuda na can yana wanke awartaki.

Aka zaunar da shi gindin tsamiya. Mamuda ya kama hira yana jiran kafaɗu su sauka. Ba su sauka ba. Bube ya fara tsintar abin da babu a jikin rigarsa, yana magana da Fillanci da shanun da ba su nan. Wani maƙwabci, Manu, ya ga yana tangaɗi, ya zo ta baya don taimako ya dafa kafaɗarsa.

Bube ya yi wani gurnani ya miƙe. Sandarsa na hannu, ya juya ya shimfiɗa wa Manu ita a goshi, fata ta dare jini ya wanke masa fuska. Ya koma kan na kusa ya karya masa hannu. Yana dukan yana kiran masu kulki, yana cewa yau ba za su ɗauke shi ba. Jaji ya shiga gabansa yana kiran sunansa, Bube ya doki tsohon a haƙarƙari ya kife cikin toka, ya ɗaga sanda zai ƙara. Mamuda ya yi tsalle ya rungume shi ta ƙugu, suka faɗa cikin maƙera, suka ture uwar maƙera, garwashi ya watse ya kama jinka.

Gari ya ɗauka. Maza suka fito da gatura da taɓare, 'yan'uwan Manu a gaba, suna cewa a kashe mahaukacin. Mamuda na bisa ƙirjin Bube, bayansa na cin wuta, ya ɗago kai ya ce, "Wanda duk yat taɓa shi, ni da shi har gaban alkali. Ku kashe wutar ga, ku bar mani shi."

Ƙarfin Bube ya fara ƙarewa, ba don maganin ya sake shi ba, sai don iska ta daina shiga. Fuskarsa ta yi baƙi, idon da ke buɗe ya juye, haƙora suka datse. Mamuda ya lalubi wani guntun itace a aljihunsa ya tura a gefen baki, Bube ya tauna shi ya tarwatse. Babu wani a kusa, babu lokacin nema. Mamuda ya kira Zinariya ta miƙo awartaki, ya jira Bube ya buɗe baki neman numfashi, ya cusa yatsun hannunsa na hagu tsakanin turamen gefen da ke da lafiya.

Bube ya datse. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙarar ƙashi. Mamuda bai janye ba, don in ya janye baki zai rufe. Ya tura awartaki ta ɗaya gefen cikin jini, nasa da na Bube, ya kama rabin haƙorin ya murɗe ya jefar, ya koma ya kama ɗaya rabin, Bube na taunar yatsunsa kamar rake. Da saiwar ta fito, mugunya ta biyo ta da wari har mutane suka ja baya. Mamuda ya kifa kan Bube gefe ta zuba. Can sai aka ji numfashi ya shiga, ya fita, ya sake shiga. Sai da aka sa bakin fartanya aka ɓamɓare hannun.

Cizon mutum ya fi na kare dafi. Hannun ya kumbura ya yi ruwa, wanzami ya zo ya guntule yatsu uku, biyun da suka rage suka ƙage. Maƙerin da ba shi da hagu ba ya riƙe ƙarfe a wuta, ba ya tallabar haɓa. Mamuda ya san sana'a ta ƙare, ya yi kukansa a ɗaki. Amma da aka ce masa Bube ya farka a ruga, kumburi na saɓewa, kuma bai tuna komai ba tun daga shan fura, sai ya ji sanyi a ransa. Ya aika wa Jaji, ya bi gidan Manu da na mai karyayyen hannu ya ba da haƙuri, ya roƙi gari kaf kada wanda ya gaya wa Bube. Ya san mutumin da ya doki surukinsa, in ya ji, ba zai iya zama ƙasar ba.

Bayan an kai amfanin gona gida, Bube ya zo da ƙafarsa, ya rame amma fes, yana jaye da rago. Tun daga nesa yake yabo. "Kaɗo, ashe haka aikinka yake? Barci kawai niy yi, ko cizon sauro ban ji ba." Sai idonsa ya sauka kan hannun da ke naɗe da tsumma. "Mi ya same ka?"

Mamuda ya ce, "Guduma ta kuɓuce mani."

Bube ya yi dariya ya ce tsufa ya zo wa mai warin gawayi. Ya zauna ya ciro man da suke sa wa shanu in sun ji rauni, ya ce a kawo hannun. Mamuda ya ce ya warke. Bube ya kama shi da ƙarfi irin na amini, ya warware tsumman.

Makiyayi ya san rauni. Ya san na ƙaho, ya san na kura, ya san na dutse. Bube ya daɗe yana duban jerin ramukan da suka zagaye bayan hannun da tafinsa. Ya ɗago ya dubi sabuwar jinkar maƙera, ya dubi Manu da ke wucewa da tabo a goshi yana kawar da kai.  Ya shafa man a hankali, ya mayar da tsumman ya ɗaure da kyau.

Mamuda ya ce, "Bube, laihina ne. Ni nit tambaye ka inda bai kamata ba."

Bube ya miƙe, ya ɗaure ragon a jikin tsamiya, ya ce, "Sai an jima, Mamuda." Rabonsa da kiran sa da sunansa tun suna samari.

Da Mamuda ya je rugar bayan kwana biyu, sai turaku da toka ya tarar. Wasu suka ce sun ga shanun sun yi arewa, wajen Maraɗi. Mamuda ya ƙare rayuwarsa yana noman gyaɗa da hannu ɗaya da rabi, ya kai tsufa sosai, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafin yatsunsa ba. Abin da ya dame shi ɗaya ne, kuma bai ɓoye ba: duk Bafillacen da ya sauko daga arewa ya ratsa Tafashiya, sai ya tsayar da shi ya ba shi ruwa ya tambaye shi Bube. Har ya mutu ba wanda ya ce ya gan shi.