Makullin Ɗakin Janareta

Jama'a, yau Allah Ya wanke ni, amma har yanzu raina a ɓace yake.

Wata biyu ke nan fetur yana ɓacewa a ɗakin janaretan masallacinmu na Tudun Fulani, kuma makullin ɗaya ne tak, yana hannuna. Jiya Alhaji Garba, shugaban kwamiti, ya ce mini a gaban mutane, "Malam Isa, gobe ka ajiye makullin nan, amana ta fi ƙarfinka."

Yau da safe makullin ya karye. Na kai shi wurin mai yankan makulli a Bosso. Yana juya shi sai ya ga sunana da na zana da ajami.

"Baba, ai na san wannan. Kwanaki na yanka irinsa guda biyu."

"Wa ya kawo maka?"

"Wani Alhaji mai jan babur, ya ce kai ka aiko shi. Ɗaya bai buɗe ba, ya dawo yana zagina."

Nan na tuna ranar da na je jana'iza Zungeru, na bar wa Alhaji Garba makullin, ga shi kuwa jan babur gare shi.

Bayan Azahar, kafin sahu ya watse, na ce, "Alhaji, nawa ya karye, ara mini naka in tayar da janareta."

Wallahi sai da ya zaro shi daga aljihu kafin ya tuna bai kamata a ce yana da shi ba!

Liman ya miƙa hannu ya ce, "Kawo nan, Alhaji."