Tumatirina a Ƙarƙashin Gilashi

Wata Asabar ce cikin watan Disamba, shekarar da nake aji biyar na firamare, Baba ya goya ni a bayan kekensa daga gidanmu na Bomo zuwa wurin aikinsa a Samaru. Leburan lambu ne a wata gonar bincike, kuma ranar shi ke da ban ruwa. Sanyi ya ƙandare mini yatsu duk da rigar sanyin yayata da na zurma. Da muka isa, ya tura ƙofar wani ɗaki da bangonsa da rufinsa duk gilashi ne, ya ce in shiga. Ina sa ƙafa ɗumi ya lulluɓe ni kamar na shiga madafin Mama. Ga tumatir da tattasai jere cikin 'yan tukwane, kore shar. Na tuɓe rigar, na shiga leƙe-leƙe ina neman inda aka ɓoye murhu. Baba ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Babu wuta, Rifkatu," in ji shi. "Rana ce ke shigowa, zafinta ya rasa hanyar fita."

A lokacin Malama Saratu ta raba wa ajinmu irin tumatir mu rena a gida kafin a dawo hutu, wanda ya fi kyau a dasa shi a lambun makaranta. Nawa kuwa sanyi ya hana shi tsirowa. Ran Litinin na bi Mama kasuwar Sabon Gari, na yi ta yi mata naci har ta kai ni wurin wani mai yankan gilashi, Oga Emeka. Ya ji bayanina ya kaɗa kai, ya naɗe mini gutsattsari huɗu a tsohuwar jarida. "Ki kula da hannunki o, 'yar makaranta," ya ce.

A bayan madafi, kusa da rijiya, na jera bulo na ɗora gilashin a kan shukata. Kullum in na gama shara da jan ruwa, can zan tsuguna. Kwana biyar sai ga 'yan kawuna sun ɓullo. Ƙawayena suka riƙa barin carafke suna zuwa kallo, ni kuwa ina ta feleƙe, ba na bari kowa ya taɓa.

Ranar Kirsimeti, da za mu coci daga nan mu wuce gidan gwaggona a Hanwa, na toshe duk kafofin da tsummoki don kada kaji su shiga. Da la'asar muka dawo na tarar shukar ta kwanta liƙis. Na zauna a ƙasa da sabuwar atamfata ina kuka. Baba ya ɗaga gilashin, hucin zafi ya buso mana. Ya sa na zuba ruwa a gindinsu kaɗan-kaɗan, ya kafa musu guntun zana, ya ce in je in ci shinkafata. Washegari na tarar yawancinsu sun miƙe. Sau uku na zagaya tsakar gida da gudu ina ihu, har akuyarmu ta tsinke igiya.

Da aka koma makaranta, nawa aka dasa. Malama ta sa na ba da labarin a gaban aji, sannan ta zana duniya a allo, ta kewaye ta da wani zobe. Ta ce iskar da ke kewaye da mu tana riƙe ɗumin rana kamar gilashina, don haka ne ma muke iya rayuwa. Amma hayaƙin motoci da masana'antu da ƙunar daji yana ƙara mata kauri, zafin da ya kamata ya fita sai ya tsaya. "Kun dai ji abin da ya sami tumatirin Rifkatu," in ji ta. Muka kwashe da dariya, don a ganinmu zancen wata ƙasa ne mai nisa.

Yanzu wurin mangwarorin da muke hawa a bayan gidanmu ya zama ɗakunan hayar ɗalibai, zafin bazara kuma har bayan magariba yana nan a jikin bango. Ruwa yakan yi jinkiri, ko ya zo gaba ɗaya ya kwashe kunyoyin gona. A da Baba kan shaƙi iska ya faɗi ranar da za a yi shuka, maƙwabta su shirya irinsu. Yau in 'ya'yana suka tambaye shi, sai ya dubi gabas ya daɗe, ya ce, "Ku tambayi rediyo." Da wasa yake faɗa, mu ma mu yi dariya. Amma ni na san lokacin da ba ya kuskure.