Ƙullin Kayan da Ya Riga Goma da Rabi

Shekarar Sista Thilaga ashirin da shida a ɗakin yara masu tsananin ciwo, a wani asibiti da ke Madurai, a kudancin Indiya. In ka tambaye ta gado nawa ne a ɗakin, ba ta ce maka takwas, sai ta ce, "Ba su isa ba." 'Yar mai kitsa furen yasmin ce a bakin kasuwa, kuma hannun uwar ta gada: jijiyar jaririn da ta gagari likita uku, ita sau ɗaya take samu. Bakin ma na uwar ne, kada ka kuskura ka taɓo shi.

A da, ko yaro ya warware tun safe, ba ya barin gadon sai babban likita ya gama zagaye ya sa hannu, wani lokaci har la'asar. A ƙasa kuwa, sashen gaggawa, wani yaron na jira. Thilaga ta ga waɗanda ba su kai la'asar ɗin ba, kuma har yau ba ta son a yi mata zancen.

Sai aka kawo na'ura. Allo ne a kan teburin nas-nas, yana tattara bugun zuciyar kowane yaro da numfashinsa da gwajin jininsa. In yaro ya kusa isa a sauke shi zuwa ɗakin jinya, layinsa ya yi rawaya. In ya isa, ya yi kore, likitan da ke bakin aiki ya duba ya amince, ba sai an jira kowa ba.

"Wannan talabijin ɗin ne zai koya min aikina?" in ji Thilaga ranar farko. Wata bai zagayo ba, ita ce mai goge shi kullum da safe.

Amma ta lura da abu guda: layi kan yi kore, gado bai motsa ba. Waɗanda suka haɗa na'urar sun manta da Rahu, awa ɗaya da rabin nan da ke cikin kowace rana, wadda a al'adar mutanen yankin ba a fara tafiya a cikinta. Wace uwa ce za ta yarda a ɗaga ɗanta daga gado a wannan lokaci? Sai Thilaga ta rataye kalandar gida mai nuna lokacin Rahu kusa da allon. Dakta Ilango, matashin likitan ɗakin, ya yi ta tsokanarta: "Sista, wanne ne ke ba wanne umarni?" Ta ce, "Duk ni suke yi wa aiki, har da kai."

Wata Juma'a, goma da minti goma, aka bugo daga ƙasa. Jariri ɗan wata bakwai daga ƙauye, ciwon huhu, da hannu ake matsa masa iska. Gadaje takwas duk cike. Layi ɗaya ne rawaya, na gado na shida, wato Kayal, 'yar shekara huɗu da ta tashi daga zazzaɓin denge.

"Gwajinta na ƙarshe zai fito nan da rabin awa," in ji Ilango. "Da ya yi kore mu sauke ta."

Thilaga ta kalli kalanda. Rahun Juma'a goma da rabi yake shiga, sai sha biyu. Jaririn nan ba zai kai sha biyu ana matsa masa jakar iska ba. Ga kuma kakar Kayal, Ponnamma, zaune a bakin ƙofa, tsohuwar da ko shayi ba ta sha sai ta duba lokaci.

"Kaka, ina ƙullin kayan jikarki? Tashi mu kai ƙasa yanzu."

"Ita yarinyar fa?"

"Tana biyo mu. Ke a gida in tafiya ta kama ku a mugun lokaci, me kuke yi?"

Tsohuwar ta ƙura mata ido. "Jaka muke kaiwa gidan maƙwabta tun da wuri, tafiya ta fara ke nan. Amma wannan ai na zuwa gari ne, 'yar nan. A asibiti ma ana yi?"

"Hawa biyu ne, Kaka. Da waɗannan gwiwoyin naki ai ya fi zuwa gari."

Ponnamma ta yi tsaki, amma ta ɗaure riga biyu da kofin ƙarfe da 'yartsana a tawul. Lif ya ƙi zuwa, suka bi matakala, Thilaga na tallafe da ita tana cewa "sannu" a baki, a zuci tana ƙirga minti. Goma da ashirin da bakwai tsohuwar ta ɗora ƙullin a kan gadon ɗakin jinya da hannunta, ta dubi agogon bango, ta gyaɗa kai.

Sha ɗaya saura kwata layi ya yi kore. Ilango ya saurari ƙirjin Kayal, ya sa hannu. Babu gardama, babu kuka. Aka turo ta tana tsotsar yatsa, aka canza shimfiɗa cikin minti huɗu.

A bakin ƙofar ne aka yi kiciɓis da masu jariri. Uwarsa, yarinya ƙarama da ƙurar hanya a ƙafa, ta hango agogo, sai ta riƙe ƙarfen gadon ta tsaya cak.

"Rahu ne! Sista, don girman Ubangiji a jira."

Thilaga ta buɗe baki, amma Ponnamma, da ta sake hawowa don raka jikarta, ta riga ta.

"Ke 'yata, ƙarfe nawa kuka baro gida?"

"Tun asuba, Kaka."

"To tun asuba tafiyarsa ta fara. Saki gadon nan, wuri aka ba shi."

Ta saki. Kafin sha biyu leɓen jaririn ya dawo da launinsa. Thilaga ta ci shinkafarta da kindirmo a tsaye, ido a kan gado na shida, tana ji da kanta ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba. Da Ilango ya zo wucewa ta ce, "Likita, rubuta wa masu na'urar nan cewa rawayan nan su riƙa kunno shi da wuri. Tsofaffina ba sa sauri a matakala."