Ƙasar da Ta Ƙi Siminti a Gumbin Kure

Ana idar da sallar asuba muka bar Aliero, ni da abokin karatuna. A jakata akwai ƙananan bulo biyu naɗe da tsohuwar riga, kowanne bai fi sabulun wanki girma ba. Bincikena na shekarar ƙarshe a kan ƙasar da ake gaurayawa da siminti ne, da yadda taki da ruɓaɓɓen ganye ke rage mata ƙarfi. Amma ba makaranta ce ta aike ni ba. Ɗakin da aka gina wa kakata a Gumbin Kure ne ya zube bai cika shekara ba, kawuna kuma ya rantse cewa maginin ya sayar da simintin ya cike da ƙasa. Maginin nan tsoho ne, shi ya gina ɗakin da aka haife ni. Na kasa yarda.

Motar da muka shiga ta fi ɗaukar albasa a kan mutane. Kafin mu isa Jega tufafinmu sun gama shan wari, har abokina ya ce ruwan zafi kawai ya rage a zuba mana mu zama miya. A unguwar Jega Firchin muka karya kumallo da masa da kunu, daidai inda mahaifina kan tsaya da ni in za mu ƙauye. Rumfar tana nan, amma wata ce ke suya, masar ta ƙanƙance, kuɗinta kuma ya girma. Na ci haka nan. A da a nan nake zama ina lilo da ƙafafu don ba sa kai ƙasa.

Hanyar Maiyama ba laifi, sai dai gefenta ya zaizaye a wurare. Bazara ce, gonaki a share suna jiran ruwa, ko'ina tulin taki a jere. Daga Maiyama muka hau baburan kabu-kabu, ni riƙe da jaka a ƙirji kamar mai ɗauke da ƙwai.

Kaka a ɗakin matar kawu take zaune tun da nata ya faɗi. Allah ya kiyaye, tana wajen suna ranar. Tana ganina ta kama baki.

"Wanga mijin nau boko ya cinye shi! Mi ka kawo min, ko takarda zan ci?"

Na durƙusa na gaishe ta, ta turo mana fura. Daga nan na zagaya wurin ɗakin. Na ɗauki ɓaraguzai na murza, suka watse a hannuna kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska. Ga tokar siminti a ciki sarai, ga kuma baƙi-baƙi da guntayen ciyawa. Sai na tuna ina yaro, yadda tsohon nan yake kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin shanu, a tattake da ƙafa, a rufe ta kwanaki har ta ruɓa ta yi danƙo. Mu yara har faɗa muke yi a kan wanda zai shiga tattaka.

Na same shi a zaurensa. An ce tun da maganar ta fito ya daina zama majalisa, sallah ma a sahun baya yake yi ya fice. Na tambaye shi yadda ya haɗa ƙasar.

"Kamar yadda ubana ya koya min, ɗana. Sai da nig gyara ta kwana bakwai, tai laushi, kana anka zuba siminti. Ɗakin tsohuwa ne, cewa niy yi bari in haɗa ƙarhi biyu wuri guda."

Bayan azahar kawu ya zauna gindin bishiyar dogon yaro da dattawa uku. Ni a aji ko hannu ban cika ɗagawa ba, balle in gyara wa ƙanin mahaifiyata magana a gaban mutane. Sau biyu na buɗe jaka na rufe. Abokina ya taka min ƙafa. Na fito da bulon, na ce siminti ɗaya ne a cikinsu, rana ɗaya na buga su, ruwa ɗaya suka sha. Ɗaya jar ƙasa ce zalla, ɗayan na haɗa da taki.

"Kawu, don Allah ka matsa su."

Ya matsa na farko har jijiyar hannunsa ta tashi, bulon bai yi komai ba. Na biyu kuwa, babban yatsa kawai ya sa, gefensa ya ɓare.

Na yi musu bayani. Siminti yana kamawa ne idan sinadarin da ke cikinsa ya haɗu da ruwa ya ɗaure ƙwayoyin ƙasa. Abin da ya ruɓa yana fitar da wani tsami da ke tsotse sinadarin nan kafin ya yi aikinsa. Ginin sai ya bushe a ido, cikinsa bai kama ba, damina ɗaya ta ishe shi. Ko an ƙara siminti, asara ce mafi yawa.

Wani dattijo ya ce, "To, ashe takin da ka kashe yunwa shi ka kashe gini!"

Kawu bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya guntun bulon, sannan ya ce, "Kenan simintin yana ciki?"

"Yana ciki, Kawu."

Ya miƙe ya sa takalmi. Bai aika a kira tsohon ba, da ƙafarsa ya tafi, muka bi shi a baya. A ƙofar zauren ya tsuguna ya ce, "Baba, na ɗauki alhakinka. Ka yahe min." Tsohon ya ce ya yafe. Da aka gaya masa dalilin faɗuwar, sai ya dubi hannuwansa.

"Ashe gyaran da niy yi shi ab ɓarna."

Na ce masa ɗakin da ya gina aka haife ni har yau yana tsaye, ba ko cokalin siminti a jikinsa. Ya ɗan yi murmushi. Suka tsayar cewa shi zai sake ginin kafin ruwa ya sauka, da jar ƙasa daga bayan gari, a kankare ta sama a zubar.

Mun kamo hanya bayan la'asar, Kaka ta cusa min hoce, gasasshiyar wainar dawa, a jaka tana cewa in ci in yi nama ko ta sake miji. Ana kiran magariba muka sauka Aliero.

Na koyi cewa hanyar tsofaffi da ta zamani kowace na iya tsayar da ɗaki, haɗa su ba tare da sani ba ne ke kayarwa. Abin da ya fi tsaya min kuwa shi ne saura kaɗan in rufe jakar nan karo na uku, in dawo da bulona lafiya lau, in bar tsoho ya ƙare rayuwarsa ana ce masa ɓarawo.